Ƙaurin da Na Ji a Mawashi

Kafin wannan tafiya na yi imani da abu biyu, kuma ban taɓa ɓoye su ba. Na farko, duk hajar da ake sayarwa da labari, labarin ake saya, ita kuwa hajar gyara ce. Na biyu, mutumin da ya yi karatu, ya tanadi kayan gwaji, ya shiga ciniki da zargi a zuciyarsa, ba za a cuce shi ba, shi ma kuma ba zai cuci kowa ba. Na farkon har yanzu ina juya shi a raina. Na biyun na baro shi a Mawashi.

Mun tashi da asuba daga Katsina ranar wata Asabar, ni da abokin aikina malamin kimiyyar sinadarai, a cikin tsohuwar motarsa da ba ta tashi sai an lallaɓa ta. Shekara ashirin da uku ke nan ina koyar da ilimin halittu a makarantar sakandare. Kowace shekara idan muka zo babin dainoso, wato manyan dabbobin nan da suka shuɗe tun kafin ɗan Adam, waɗanda ƙasusuwansu suka daɗe a ƙasa har suka zama dutse, ba a rasa ɗalibin da zai ɗaga hannu ya ce, “Malam, kai ka taɓa gani?” Amsata ba ta canzawa: a hoto. To, sai ga wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu magidanci ne mai aiki a sashen gona a Kankia, ya kira ni ya ce akwai wani dattijo a Mawashi ta ƙasar Kusada da yake da haƙorin irin wannan dabba, kuma yana so ya sayar, domin ruwan bana ya rusa masa rufin ɗaki yana neman kuɗin kwano.

Ban yarda ba. Na taɓa sayen wani “dodon koɗi na dutse” a wata kasuwa shekarun baya, na kai shi aji ina alfahari, da aka wanke shi sai ya narke ya bar siminti da yashi a gindin bokiti. Tun daga ranar na karanta duk abin da na samu a kan yadda ake haɗa na jabu: a zuba roba a ƙira, a fere ƙaho ko ƙashi a rina shi, a manna gutsattsari da gam a shafe tsagar da jar ƙasa. Sai dai akwai abin da ya kamata in amsa a nan. Duk da rashin yardar nan tawa, mako biyu kafin tafiyar na riga na sa kafinta ya yi mini ɗan akwati mai murfin gilashi, na shimfiɗa masa baƙin yadi a ciki. Mai shakka na gaskiya ba ya yin akwati. Ina ga tsoron a sake yi mini dariya ne ya sa rigar hankali ya biyo ni.

A jakata akwai gilashin ƙara girman abu, da rula, da farar takarda, da allura babba irin ta ɗinkin buhu, da filaya ta riƙe ta, da laita. Abokina ya leƙa ya ce da za a tsayar da mu a hanya, zai ce bai san ni ba, rage mini hanya kawai ya yi.

An kwana ana ruwa, saboda haka titin Kano a wanke yake, iska da sanyinta. Gero ya wuce kafaɗa ya fara fitar da kai, dawa tana bin bayansa, wake ya shimfiɗu a tsakanin kunya. Bayan Charanci muka riski garken shanu suna tsallaka titi a natse, kamar su suka biya kuɗin kwaltar. Duk wanda ya san yankin nan da rani kawai, bai san shi ba. Na lura da wannan duka, amma da rabin ido, domin ɗaya rabin yana lissafa hanyoyin da za a bi a yaudare ni.

A Kankia muka karya kumallo a bakin tasha, koko da ƙosai mai zafi, da kuɗin da a Katsina ƙosan kaɗai zai ba ka. A nan tsohon ɗalibina ya same mu. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar yana aji uku, na amsa, amma idona yana kan sabuwar shaddar da ke jikinsa. Zuciyata ta ce, ga la’adar tun ba a yi ciniki ba. Da muka shiga mota na tambaye shi kai tsaye nawa ne nasa a ciki.

Ya ce, “Malam, kawun matata ne. Ni dai na tuna kullum ana tambayarka a aji. Ni ma na taɓa tambaya.”

Na ce to. A raina kuwa na ce, amsa mai kyau, an shirya ta.

Daga Kusada muka bar kwalta muka hau jar hanya mai kududdufai. Sau biyu muka sauka domin motar ta yi sauƙi, sau ɗaya muka tura. Hantsi ya ɗaga sosai kafin mu shiga Mawashi. A ƙofar gidan, ƙarƙashin wata bishiyar bedi, an shimfiɗa tabarmi uku, kuma dattawa wajen goma sha biyu suna zaune. Labari ya riga mu isowa cewa malamin kimiyya zai zo daga Katsina ya duba haƙorin Iro. Na ɗauki taron a matsayin dabara: a tara mini idanu domin in ji kunyar tafiya hannu wofi.

Baba Iro siriri ne, ya haura saba’in, yatsunsa sun kakkarkace irin na wanda ya ƙare ƙuruciyarsa da diga a hannu. Mahaƙin rijiya ne a da. Bayan gaisuwa ya ba mu labarin da na fahimci kowa a wurin ya haddace. Shekara talatin da wani abu da suka wuce ya bi wani ayarin aikin rijiya zuwa arewacin Nijar, can wajen ƙasar Agadas. Wata rana raƙumin da ke ɗauko musu ruwa ya ɓata, suka bazu nema, sai ya faɗa wani fili inda ƙasusuwa suke kwance a kan yashi, baƙaƙe, masu nauyin dutse, wani ƙashin ya kai kaurin turmi. A nan ya tsinci haƙorin, ya sa a aljihu.

“Kaurin turmi bana,” in ji wani tsoho mai jakar fata a gefensa. “Bara kaurin taɓarya ne. Baɗi in muna da rai sai ya kai rumbu.”

Aka kwashe da dariya, har da Baba Iro. Ɗalibina ya raɗa mini cewa wannan Mamman ne wanzamin garin, taubashin Baba Iro, kuma tun ranar da haƙorin ya shigo gari yake tsokanarsa.

“Kai dai yi ta yi, bawana,” in ji Baba Iro. “Yau ga wanda ya sani ya zo. Yau za ka tuba.”

Ya shiga gida ya fito da wani tsohon gwangwanin madara, ya zaro ƙullin tsumma, ya kwance shi a hankali, ya ɗora mini abin a tafin hannu.

Tsawonsa ya kai ɗan yatsana na tsakiya. Ya ɗan lanƙwasa baya kamar wuƙar yanka, faffaɗa ne ba kewayayye ba, launinsa baƙi-baƙi mai ja, yana ƙyalli kamar an goge shi da safiyar nan. Abin da na fara ji shi ne nauyi. Ya fi ƙarfin girmansa, kuma da sanyi kamar tsakuwar rafi. Wannan alama ce mai kyau, na sani. Amma na ce wa kaina ana iya ɗura dalma a ƙaho. Na shimfiɗa farar takardata a kan tabarma, na kwantar da shi, na auna, na zana kewayensa da biro. Sai na ɗauko gilashi. Abin da nake nema shi ne gefen haƙorin. Dabba mai cin nama irin wannan, gefen haƙorinta yana da ƙananan tsaga a jere kamar bakin lauje, kuma su ne abin da mai fere ƙaho ba ya iya kwaikwayo. Na bi gefen daga tsini zuwa gindi. Sumul yake, baƙi, mai santsi. Babu tsaga. Ƙyallin kuma bai yi mini ba. Na dutse ba ya yin haka, wannan ya fi kama da na fenti.

Saura gwaji ɗaya. Idan aka gasa allura ta yi ja aka ɗora a kan abin da ya zama dutse, ba ya hayaƙi, ba ya wari. Roba tana narkewa. Ƙaho da ɗanyen ƙashi suna ƙauri. Na nemi izini. Baba Iro ya dubi allurar, ya dubi haƙorin, ya ce, “In ba ta ɓata shi, bismilla.” Na riƙe ta da filaya na kunna laita har tsininta ya yi ja, dattawa suka matso da kawunansu, na danna ta kusa da gindin haƙorin da ƙarfi.

Ya yi ’yar ƙara, wani siririn hayaƙi ya tashi, ƙauri ya bugi hancina. Na san kowa ya ji.

Zan faɗi gaskiya a kan abin da na ji a raina a wannan lokaci, domin shi ne abin da ya fi damuna yanzu. Ba baƙin ciki na ji ba. Daɗi na ji. Na miƙa wa Baba Iro abinsa, na gyara zama, na yi magana da muryar da nake yi a aji. Na ce dutse ba ya ƙauri. Na ce wannan tsinin ƙaho ne, wataƙila na bunsuru, aka fere aka rina. Domin in sassauta, na ƙara da cewa mai yiwuwa shi ma wani ne ya ba shi a haka. Ban lura ba a lokacin cewa sassaucin ya fi hukuncin muni, domin mutumin ya ce da hannunsa ya tsinta.

Ba wanda ya yi dariya. Na juya wajen wanzamin ina jiran ya ɗauki nasararsa, sai na ga yana kallon tabarma. Baba Iro ya naɗe tsummansa, ya mayar cikin gwangwani, ya danne murfin da babban yatsa.

“To, Malam. Allah ya saka da alheri. Ku sha hura kahin ku tahi.”

Na ce mun gode, muna sauri. Ko furar na ɗauke ta wani sabon tarko. Muna tafiya wajen mota na ji wani daga bayanmu yana cewa ƙasa-ƙasa, “Ashe shekara talatin ƙahon bunsuru muke kallo.” Wani ya amsa, “To, da Agadas ɗin ma ya je?”

Muka koma Kusada. Muka yi azahar, muka zauna a inuwa kusa da inda matan Fulani suke jera ƙorensu. Damina ta sa nono ya wadata, man shanu curi-curi yana iyo a cikin ƙwarya, arha kamar ba a so. Aka dama mana fura. Ni kaɗai nake sha da daɗin rai. Na zaro takardar nan domin in nuna wa abokina zanen, in ƙara masa bayanin da bai nema ba.

Ya karɓa, bai dubi zanen ba, sai ya ɗaga takardar sama wajen haske. A cikin layin biron, daidai siffar haƙorin, takardar ta zama garai-garai kamar wadda aka ƙunshe ƙosai a ciki. Ya kai hanci.

“Malam, ƙaho yana tsatso da maiƙo?”

Na ce a’a.

“Wannan man shanu ne. Tsoho ma kuwa.”

Taku huɗu daga inda muke, wani dattijon makiyayi yana zaune yana jiran matarsa ta gama ciniki. Ya lakato mai a bakin ƙwaryarta yana murza wa sandarsa daga sama har ƙasa, sandar ta yi baƙi tana ƙyalli. Na san wannan ƙyallin. Ban yi awa biyu da ganin irinsa ba. Na gaishe shi na tambayi dalili, duk da na sani, domin mahaifiyata haka take yi wa ƙorenta da akushinta. Ya dube ni kamar wanda ya tambayi amfanin ruwa.

“Abin da kake so ya daɗe ai sai ka ba shi mai. In ka bar shi da ƙishi, ya tsage.”

Na buɗe jaka na ɗauko allurar. Tun da na cire ta daga haƙorin ban dube ta ba. Tsininta ya lanƙwashe kamar ƙugiya. Na danna ta tana ja zur, da dukkan ƙarfina. Da ƙaho ne, da ta shige kamar a sabulu ta bar rami. Ban duba ko ta bar rami ba. Gwajin yana da tambaya biyu, ko ya yi wari da ko allurar ta shiga, ni kuwa na karɓi amsar da ta dace da abin da na zo da shi, na tashi.

Ko a nan zargin bai sake ni ba, sai ya canza gefe. Na ce ai mai ha’inci ma zai iya shafa mai domin ya ɓoye tsagar gam. Abokina ya ce haka ne, kuma ga hadari yana haɗowa ta gabas, motarsa kuma ba jirgin ruwa ba ce. Tsohon ɗalibina, wanda tun Mawashi bai dube ni ba, ya ajiye ludayinsa.

“Malam, ka gafarce ni. In ba za ka koma ba, shi ke nan. In kuwa za ka koma, kada ka same shi a zaure kai da shi. A gaban mutane ka faɗa.”

Na sayi sabulu a wani shago, na karɓi sabon asuwaki a hannun mai tebur, muka juya.

Tabarmin an naɗe su. Baba Iro yana bayan gida a kan tsani yana jan leda a kan ɗakin da ya rushe, kafin hadarin ya iso. Ya sauko bai yi mamaki ba, bai kuma yi murna ba. Na tambaye shi ko yana shafa wa haƙorin wani abu.

“Mai. Duk Juma’a in na yanke akaihu. Da mi zan bar shi, da ƙura?”

Shekara talatin, duk Juma’a. Na roƙe shi ya sake fito da shi, a ba ni ruwan ɗumi a kwano.

“An gama da wuta, yanzu sai ruwa? To in ya narke kuma, sai ka ce mi, gishiri ne?”

Na ce in ya narke zan biya. Ya ce haƙorin ba shi da kuɗin da za a biya. Amma ya shiga ya ɗauko.

Duk wanda ya wuce ƙofar gidan nan a wannan yammaci ya ga mutum mai digiri biyu a tsugune yana yi wa dabbar da ta mutu tun kafin a yi mutane asuwaki. Ruwan farko ya koma baƙi, mai yana iyo a kansa. Aka sauya sau uku. Launin haƙorin ya buɗe, ya tashi daga baƙi ya koma kamar na dabino, ƙyallin fentin ya tafi ya bar wani mai laushi, da siraran layuka a tsaye irin na ɓawon haƙori. Na bi gefen da bakin asuwakin a hankali, wata baƙar dauɗa tana fita kamar zare. Na goge, na ɗora gilashi.

Suna nan. Ƙananan tsaga a jere, daidai wa daida, daga kusa da tsini har ƙasa da rabi, kowace da ’yar kanta mai kaifi. Mai da ƙura na shekara talatin ne suka cike su. 

Wannan karon na bi komai a natse, kamar yadda ya kamata in yi da safe. Inda na danna allura babu ko ɗigo. Na nemi layin da launi zai canza farat ɗaya, alamar an haɗa guda biyu, babu. Akwai tsaga ɗaya ta gaske a kusa da gindi, amma ba a cike ta da komai ba. Saiwar babu ita, ta karye tun can, kuma a cikin ramin gindin akwai jan yashi da ya daskare ya zama ɗaya da haƙorin. Gefen gaba ya cinye wajen tsini, ci mai santsi irin na haƙorin da ya yi aiki a bakin mai shi. Da dillali ne, zai ce matsakaici ne: ba saiwa, ga tsaga, gefe ɗaya ya gaji. Waɗannan aibobin su ne shaidarsa. Mai ƙirar jabu ba ya wahalar da kansa ya yi abu mai aibi irin wannan. Na sake gasa allura, ta abokina ta ɗinkin taya, na ɗora. Ba hayaƙi, ba wari.

Na miƙa wa Baba Iro gilashin na nuna masa yadda zai riƙe. Ya daɗe yana kallo.

“Ashe da haƙora a jikin haƙorin,” ya ce. “Ni na rufe su.”

Aka kira la’asar. Bayan an idar, na nemi liman ya ba ni dama, na miƙe a ƙofar masallaci. Na ce ni ne wanda ya zo da safe. Na ce na yi kuskure, kuskuren kuma ba na kayan aiki ba ne, nawa ne. Na ce abin da ke hannun Baba Iro haƙori ne na gaske, na dabbar da ya ce, daga irin ƙasar da ya ce, kuma ban taɓa riƙe kamarsa ba a rayuwata. Na nemi gafararsa a gabansu. Aka zagaya da gilashin hannu zuwa hannu. Amma na ƙirga fuskoki. Daga cikin dattawan safe, bakwai ne kawai a wurin. Sauran baƙi ne da suka zo kallo daga garin Ƙofa da ƙauyukan kusa, kuma sun koma gida tun azahar da maganata ta farko a bakinsu.

Wanzamin ne na ƙarshe da ya karɓi gilashin, bai ma kai shi ido ba.

“Ni ba sai na duba ba, Malam. Shekara hamsin ina yanka ƙaho ina gasa shi ina kafa wa mutane a baya. Na san ƙaurin ƙaho ko ina barci. Wancan na safe ƙaurin miya ne.”

Na ce, “To, Baba, me ya hana ka faɗa?”

“Ka zo da gilashi daga Katsina. Wa zai yi musu da gilashi?” Ya juya wajen taubashinsa. “Ni wasa nika yi da shi, shi ma ya sani. Kai ne ka zo ka maida shi gaskiya.”



Da muka koma gindin bedin na fito da maganar ciniki. Na ce zan biya abin da ya sa tun farko, wanda bai wuce kuɗin matsakaicin rago ba, in ƙara da na kafintan da zai buga masa kwanon. Baba Iro yana juya haƙorin a hannunsa, yana kallon sabon launinsa kamar ɗan da ya dawo daga tafiya.

“Da safe na sayarwa ne, Malam. Yanzu ba na sayarwa ba ne.”

Na ce na san na ɓata masa rai.

“A’a, wannan ya wuce, ka hwaɗa a masallaci. Amma mutanen Ƙofa ba su ji ba. Ran kasuwa wani zai tare ni ya ce Iro mai ƙahon bunsuru. In yana aljihuna sai in hito da shi in ce duba. In yana Katsina cikin akwati, in ce mi? In ce wanda ya ƙaryata ni ya saye?”

Na dubi ledar da iska take ɗagawa a kan ɗakinsa, na ce, “Rufin fa, Baba?”

“Yoyo yana bushewa.”

Na so in ba shi kuɗin kwanon haka nan, ɗalibina ya taka mini ƙafa. Ya fi ni gaskiya; da na yi, da na ƙara wani zagin a kan na farko. Abin da ya karɓa kawai shi ne gilashin, domin in ji shi tsagar ba ta ganuwa da idon tsoho. Na roƙe shi ya daina shafa mai. Ya ce zai yi tunani. Wanzamin ya ce kada in damu, shi zai riƙa zuwa yi wa kakan Iro, wato haƙorin, asuwaki duk Juma’a, kuɗin aski ɗaya. Wannan karon na sha furar.

Ruwan ya same mu muna hawa kwalta a Kusada. A Kankia muka sauke ɗalibina, na riƙe hannunsa na ba shi haƙuri a kan tambayar safe. Ya ce shaddar ta sunan ɗansa ce. Muka shiga Katsina ana kiran magariba.

Na yi ta auna abin da tafiyar nan ta koya mini. Ba wai a daina gwaji ba. Na jabu suna nan, kuma gobe aka kawo mini wani zan gasa allura. Amma zan fara wanke abin, zan tambayi mai shi yadda yake ajiye shi, zan dubi tsinin allurar kafin in buɗe baki, kuma ba zan yanke hukunci a gaban taro ba. Na ɗauka zargi ba ya cin kuɗin kowa, iyakarsa ya hana ka saye. Nawa ya ci rufin ɗakin wani dattijo a tsakiyar damina, ya kuma bar masa suna a ƙauyukan da ban san hanyarsu ba.

Akwatin gilashin yana kan teburina a ɗakin kimiyya. A kan baƙin yadin akwai farar takarda mai tabon maiƙo da allura mai lanƙwasasshen tsini. Makon jiya aka koma makaranta, wata ɗaliba ta dubi zanen, ta ce, “Malam, kai ka taɓa gani?”

Na ce, “Na gani. Na riƙe shi a hannuna, na ce ƙaho ne.”